Yadda Za Ka Gane Inda Farashin Gishiri Ya Dosa Kafin Ka Sari Tirela

Gishirin da ke cikin miyar gidanka, in dai na leda ne ko na buhun kamfani, da wuya a ce a ƙasar nan aka samo shi. Ɗanyensa ake lodowa a jirgin ruwa, a sauke a Apapa ko Fatakwal, a wanke, a niƙa, a zuba masa aidin, a ɗinke a buhu, sannan tirela ta kamo hanyar Arewa. Ni aikina riƙe littafin shagon kawuna a kasuwar Singa ta Kano, inda muke sayar da gishiri da sukari da fulawa a kan sari. Abin da zan nuna maka shi ne yadda nake bin sawun kayan nan tun daga ƙasar da ya taso, don in san ko lokacin cika sito ne ko lokacin riƙe kuɗi. Waya mai data, biro da littafi mai layi sun ishe ka.

Gishiri kansa ba shi da tsada, ɗaukarsa ce ke da tsada. A can inda ake yinsa, ruwan teku ake jawowa cikin manyan fadamu a bar wa rana da iska aikin, in ya ƙafe a zo da mota a kwashe. Kuɗin da kake biya a Kano yawancinsa na jirgi ne, da canjin dala, da dizal, da 'yan dako. Shi ya sa tambayar "daga wane yanki ya taso" ta fi tambayar "nawa ne yau" amfani, don ta farko ce ke gaya maka amsar ta biyu tun kafin ta iso.

Lamba 2501

Duk kayan da ke ƙetare iyaka a duniya yana da lambar kwastan, ta gishiri ita ce 2501. Ka haddace ta. Da ita za ka nemi komai, ba da suna ba.

Wuri na farko shi ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wadda ke fitar da rahoton cinikin ƙetare duk bayan wata uku, kyauta a shafinta. Mutane da yawa suna buɗe ɓangaren kayan gona su yi ta nema har su gaji. Ba ya can. Yana cikin ɓangaren ma'adinai, kusa da jifsam ɗin da masu siminti ke shigowa da shi. A nan za ka ga sunayen ƙasashen da aka kawo ɗanyen gishiri daga cikinsu, kuma biyu ne za ka fi cin karo da su: Barazil da Namibiya. Sauran, irin su Masar da Turkiyya da Indiya, sukan leƙo su koma.

To amma rahoton da naira yake magana, kuma nan tarkon yake. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce, don misali kawai, tan ɗaya na ɗanyen gishiri yana sauka Apapa a kan dala 50. A canjin farko naira 23,000 ke nan, a na biyu 75,000. Buhu mai kilo 50 guda 20 ne a tan, saboda haka ɗanyen da ke cikin buhu ɗaya ya tashi daga 1,150 zuwa 3,750 ba tare da an ƙara ko cokali ba. Wanda ya kalli adadin naira kaɗai sai ya ce shigo da gishiri ya ninka uku, har ya fara lissafin kasuwa za ta cika kaya ya karye. Alhali jiragen da suka zo bara su ne suka zo bana.

Saboda haka NBS don sanin sunayen ƙasashe da tashar da kaya suka sauka nake buɗe ta. Nauyi kuma sai in tafi Trade Map ko Comtrade, rumbunan bayanan ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta. Trade Map rajista ake yi, kuma kyauta ce ga mu 'yan ƙasashe masu tasowa. Ka zaɓi Najeriya, ka zaɓi shigo da kaya, ka sa 2501, ka nemi jerin shekaru. Abin da zai fara fitowa darajar kaya ce da dala. Ka juya shi zuwa nauyi, ka kwafe tan-tan ɗin, sannan ka koma ka kwafe dalar. Duka biyun kake buƙata.

Ka kasa su yanki-yanki

A littafinka ka ja layi biyar a tsaye: Kudancin Amurka, kudancin Afirka, arewacin Afirka haɗe da Turkiyya, Asiya, sai Afirka ta Yamma. A kwance kuma shekaru, aƙalla biyar. Dalilin haɗa su yanki-yanki shi ne ƙasashen yanki ɗaya sukan yi tarayya a damina da nisan hanya, kuma kamfani in ya bar Masar ya koma Tunisiya, a wajenka babu abin da ya sauya. In ya bar Barazil ya koma Namibiya kuwa, an taɓa lissafin.

Kada ka yanke hukunci da wata uku. Jirgin da ke ɗauko gishiri a zube yakan ɗauki tan 30,000 ko fiye, wato lodin tirela 1,000 masu tan 30. In jirgi ɗaya tal ya makara, maimakon ya iso ƙarshen Maris ya iso farkon Afrilu, sai ka ga kamar ƙasar da ya taso ta daina turo kaya, a rahoto na gaba kuma kamar ta ɓarke. Shekara cikakkiya ake gwadawa da shekara cikakkiya.

Daga nan sai ka raba dala da tan a kowane gida, ka sami kuɗin tan ɗaya. Wannan ɗan rabon shi ne ya fi komai buɗe ido. Inda kuɗin tan ya yi ƙasa kuma nauyin ya yi yawa, ɗanye ne na matatar gishiri, shi ne ya shafe ka. Inda ka ga wata ƙasar Turai ta turo 'yan tan kaɗan da tsada mai ban tsoro, wannan tataccen gishiri ne na masu haɗa magunguna ko na kantunan masu hali. Ka ja masa layi ka wuce, ba ya taɓa farashin Singa.

Akwai kuma dabarar duba takardar mai sayarwa. Wani lokaci gidan Najeriya na wata shekara zai zo fanko, ko adadin ya yi wani iri. Sai ka juya tambayar: maimakon me Najeriya ta ce ta shigo da shi daga Namibiya, ka nemi me Namibiya ta ce ta tura Najeriya. Nauyin ya kamata ya yi kusa da juna. Kuɗin kuwa ba zai zo ɗaya ba, domin mai turowa yana rubuta darajar kaya a bakin tasharsa, abin da ake ce wa FOB, mai karɓa kuma yana haɗawa da kuɗin jirgi da inshora, wato CIF. Tazarar da ke tsakani kusan ita ce kuɗin hanya. A kaya kamar waya ko magani tazarar ba ta da yawa, amma a gishiri tana iya zama babban kaso na kuɗin gaba ɗaya. In ka ga tana faɗi shekara bayan shekara, ka san jirgi ke cin kuɗin, kuma ƙasar da ta fi kusa za ta fara samun kasuwa.

Kowane yanki da halinsa

Gishirin Barazil kusan dukansa daga jiha ɗaya yake fitowa, Rio Grande do Norte, a arewa maso gabashin ƙasar. Suna da wata tasha da aka gina a tsakiyar teku daura da garin Areia Branca, aikinta kawai lodin gishiri a manyan jirage. Daminarsu takan kama daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, kwasar gishiri kuma a watannin rani na ƙarshen shekara. Shekarar da ruwa ya yi musu yawa, fadamun sukan tsinke, abin da za a kwasa ya ragu. Labarin ruwan sama a wannan yanki na Barazil, wanda ba wanda ke kula da shi a kasuwarmu, labarin gishiri ne.

Namibiya kuwa a Walvis Bay ake yi, bakin teku ne amma hamada, ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba. Ga shi ta fi Barazil kusa da Legas. Ni a ganina, duk shekarar da layin kudancin Afirka ya yi kauri a littafinka, kana iya sa ran kaya ba zai riƙa yankewa ba.

Na Indiya yawancinsa daga jihar Gujarat ne, daminarsu daga Yuni zuwa Satumba, hanya kuma doguwa. Sai kuɗin jirgi ya yi sauƙi sosai yake biyan wahala.

Layin da ke ba ni takaici shi ne na Afirka ta Yamma, don kullum siriri ne. Sanagal tana yin gishiri mai yawa a Kaolack, Gana tana da tafkin Songor a Ada, ga su nan a maƙwabta, ga yarjejeniyar ECOWAS ta saukaka ciniki. Amma matatar gishiri ba buhu take so ba. Jirgi guda take so, cike da kaya iri ɗaya, daga tashar da za ta iya lodi cikin 'yan kwanaki. Gishirin maƙwabtanmu kuwa ya fi tafiya a buhu a kan mota, zuwa Mali da Burkina Faso da Nijar. A 2020 gwamnatin Gana ta ba kamfanin Electrochem hayar Songor don a yi aikin da girma, kuma kasuwar Najeriya na cikin abin da suke hange. In wannan layi ya fara motsi, shi ne sauyin da ya fi cancanta ka sa wa ido, domin tafiyar jirgi daga tashar Tema ta Gana zuwa Legas gajeruwa ce.

Bayan ya sauka

Rabin aikin ke nan. Saura yadda kayan ke rabuwa a cikin gida, kuma a nan takarda mafi amfani ita ce rahoton kuɗi na NASCON, kamfanin da ke yin gishirin Dangote. Da yake yana kasuwar hannun jari, dole ya wallafa lissafinsa duk wata uku, kowa na iya saukewa. Ka wuce shafukan farko ka nemi inda suka kasa cinikinsu gida uku, Arewa da Yamma da Gabas. Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Ka duba kuma kuɗin kayan sarrafawa da kuɗin sufuri, ka ga wanne ya fi saurin hawa. Royal Salt, masu Mr Chef, su ma manya ne, sai dai ba sa kasuwar hannun jari, don haka labarinsu a bakin dilolinsu za ka ji.

Wato yankin da ya fi sayen gishiri shi ne ya fi nisa da teku. Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, tirela kuma buhu 600 take ɗauka. Lissafin ba wuya: duk ƙarin naira 300,000 a kuɗin mota, naira 500 ce a kan kowane buhu. Shi ya sa nake da lambar direbobi biyu uku a waya. Wani dattijo cikinsu, in na kira shi na ce, "Baba, yaya Apapa?" amsarsa ba ta wuce kalma huɗu. In ya ce "Ana lodi, ɗana," shi ke nan. In ya ce "Kwana shida muna layi," to ko ban buɗe wani rahoto ba na san kaya zai yi ƙaranci a mako mai zuwa, sai in shiga wajen kawu in ce a dakata da ba da bashi.

Wannan kaso na Arewa ma ba mu kaɗai ke cinye shi ba. Wani yana bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, wani ta Illela zuwa Ƙonni, wani ta Maigatari ranar Alhamis. Yawancinsa ba ya shiga littafin kowa. Abin da ke juya shi abu biyu ne: iyaka da sefa. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk lokacin da iyaka ta toshe, kayan da ya saba fita yakan taru a hannun diloli. In kuma naira ta faɗi a gaban sefa, kayanmu sai ya zama araha a idon ɗan Nijar, ya zo ya yi lodi mai yawa, ka wayi gari sito ya yi fayau alhali ba abin da ya faru a teku. Don haka a gefen farashin dala, ka riƙa rubuta na jakar sefa. 'Yan canji na Wapa za su gaya maka duka biyun a kira ɗaya.

Akwai gishirin da ba ya bi ta jirgi ko kaɗan. Kantun Balma da na Fachi da ayarin Buzaye ke saukowa da shi bayan damina, gishirin Foga na yankin Dosso, na Keana da Awe a Nasarawa wanda mata ke dafawa da rani, na Uburu da Okposi a Ebonyi. Ba za ka gan su a Trade Map ba, kuma duk haɗe ba su isa su riƙe ƙasar nan ba. Amma a kasuwar makiyaya suna da magana. In kantu ya shigo da yawa a kasuwannin dabbobi, Bafulatani ba zai kalli buhunka ba, don ya fi yarda da shi wajen lasar shanu. Idan abokan cinikinka masu kiwo ne, ka rage sari a wannan tsakanin.

Kalandar masu saye

Azumi na sukari ne, ba na gishiri ba, kada ɗokin kasuwa ya ja ka. Lokacin gishiri Babbar Sallah ce. Fatar layya in ba a barbaɗa mata gishiri a ranar ba, washegari ta fara wari, gashi ya fara zuba, kuɗinta ya tafi. Masu tara fata da majema da kamfanonin Challawa da Sharaɗa sukan fara neman kaya makonni kafin Sallah, kuma mai tsaki-tsaki suke so, ba lallai mai laushi ba. Sai dai ka lura, Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 2024 tsakiyar Yuni ta faɗo, a 2025 farkon Yuni. Ke nan a waɗannan shekaru tara kayan layya ya haɗu da saukar ruwan farko.

Nan ne ajiya ke raba mai riba da mai asara. An ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi ya ji kunya. Buhun da aka ɗora kai tsaye a kan siminti, cikin mako biyu na damina za ka ga ƙasansa ya yi duhu, in ka ɗaga sai ka tarar da danshi a daɓen da farin kwalli-kwalli a gefe, gishirin ciki ya dunƙule ya zama dutse. Mai kiri in ya danna da babban yatsa ya ji tauri, ragi zai nema, kuma yana da gaskiya. Ka shimfiɗa katako ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda, ka bar tazara tsakanin kaya da bango yadda yaro zai iya ratsawa, kada ka jera kusa da ƙofar ƙarfe don zai cinye ta da tsatsa. Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. In sitonka yana yoyo ko kaɗan ne, duk araharsa kada ka tara na fiye da wata ɗaya.

Sai maganar aidin. Tun farkon shekarun 1990 doka ta wajabta sa shi a gishirin ci, don maganin maƙoƙo da kare ƙwaƙwalwar yara. Ƙa'idar ita ce kashi 50 cikin miliyan a masana'anta ko tashar shigowa, 30 a wajen mai kiri, saboda rana da danshi suna rage shi a hanya. Duk lokacin da farashi ya hau, sai ka ga wani ya zo da buhu mara tambari, ko wanda aka sake ɗinkewa, yana cewa ai duk gishiri ne. Sau da yawa na masana'antu ne aka karkatar. Ka duba lambar NAFDAC da ɗinkin bakin buhun. Akwai kuma ɗan ruwan gwaji a ƙaramar kwalba irin wanda ma'aikatan lafiya ke yawo da shi: ka ɗiba a cokali ka ɗiga, in akwai aidin nan take zai koma shuɗi mai duhu, in babu ya tsaya fari. Na fata ka sayar wa mai fata, kada ka bari ya shiga ƙullin da mata ke saya.

A shafin ƙarshe na littafina, duk ranar Asabar nake cika layi ɗaya: dala, sefa, litar dizal, kuɗin tirela daga Legas, farashin kamfani, farashin Singa. Kamfani ba ya ƙara kuɗi ranar da dala ta tashi, don yana da ɗanyen da ya saya a tsohon canji, sai ya taɓa sabon jirgi tukuna. In ka ga dala da dizal sun hau mako uku a jere amma farashin kamfani bai motsa ba, kuma sitonka busasshe ne, lokacin sari ke nan. In kuwa naira ce ke farfaɗowa kuma direbobi na cewa ana lodi ba layi, ka sayi na mako biyu kawai, ka bar sauran kuɗin a sukari.